ZUMUNTA A ƘAFA TA KE, AMMA ƘAFAR WA?

Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Ba mai gardama da wannan. Amma akwai tambaya guda wadda karin maganar nan ba ta amsa ba. Idan zumunta ta yanke tsakanin mutum da jama'arsa, har ya zauna yana fama da kaɗaici, ƙafar wa ya kamata ta fara tashi? Tasa, ko ta maƙwabcinsa? Da yawa a cikinmu mun saba cewa, "Ai shi ne ba ya shiga mutane. In yana so, ya fito mana." Ina so mu ɗora wannan magana a kan ma'auni, mu ga ko tana da nauyi. Ga shi kuwa, shekara fiye da 80 ke nan waɗansu masana a manyan makarantun duniya suna bin sawun wannan al'amari, tun daga jariri har zuwa tsoho mai dogara sanda. Abin da suka samo zai taimake mu mu yanke shari'a bisa gaskiya.

Zaman Kaɗai Dabam, Kaɗaici Dabam

Da fari sai mu rarrabe abu biyu waɗanda a kan haɗa su. Manomi ya kan wuni a gona shi kaɗai tun sassafe har la'asar, yana huɗa yana 'yar waƙarsa, zuciyarsa fari ƙal. Wannan zaman kaɗai ne, ba laifi, wani lokaci ma magani ne. Amma ga amarya an kai ta gidan da ke cike da mutane, ga surukai, ga facaloli, ga yara ko'ina, duk da haka in dare ya yi sai ta juya fuska wajen bango ta yi kuka. Wannan shi ne kaɗaici.

A shekara ta 1981 malamai biyu masu nazarin halin ɗan adam, Daniel Perlman da Letitia Anne Peplau, suka bayyana shi ta hanyar da masana su ke bi har yau. A ganinsu kaɗaici shi ne ratar da ke tsakanin irin zumuntar da mutum ya ke bukata da irin wadda ya ke da ita a hannu. Watau ba da ƙirga kawuna a ke gane shi ba. Wani yana da aboki ɗaya, ya ishe shi. Wani yana gaisawa da mutum ɗari kowace rana, ba ko ɗaya da zai iya buɗe wa cikinsa.

Kafin wannan, a 1973, wani malami a Boston ta ƙasar Amurka mai suna Robert Weiss ya lura kaɗaici iri biyu ne. Ya duba waɗanda aurensu ya mutu, ya ga ko da suna da abokai, raminsu bai cike ba, gama abin da suka rasa shi ne mutum guda na kusa. Ya kuma duba matan aure waɗanda suka bi mazajensu zuwa baƙon gari, ya ga ko da aurensu lafiya lau ne, suna kewar ƙawaye da jama'a. Sai ya gane ɗayan ba ya tsaya a madadin ɗayan. Miji nagari ba ya zama unguwa, unguwa kuma ba ta zama miji.

Mai karatu zai ce, "To, yaya a ke auna abin da ke cikin zuciya?" Tambayar mutane a ke yi. A 1978 aka tsara tambayoyi 20 a Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Angeles, ana amfani da su har yanzu a ƙasashe da yawa. A kan tambayi mutum sau nawa ya ke jin ya rasa abokin zama, sau nawa ya ke jin an bar shi baya. Amma ga abin lura: da gangan ba a sa kalmar kaɗaici a cikin tambayoyin ba, domin an san mutane suna jin kunyar amsa sunan wannan ciwo. Mu riƙe wannan kunyar a zuciya, za mu komo kanta.

Jariri

Bari mu bi mutum daga farkon ransa. A watan Disamba na 1989 mulkin Ceausescu ya faɗi a ƙasar Romaniya. Sa'an nan duniya ta ga abin da ke ɓoye: yara fiye da dubu ɗari suna cikin gidajen renon gwamnati. Akwai rufi a kansu, ana ba su abin da za su sa a baki, amma mai reno ɗaya ce a kan yara masu yawa. Ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa. Waɗansu jarirai har sun daina kuka, gama sun koyi cewa kuka ba ya kawo kowa.

Wajen shekara ta 2000 malamai uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bin yara 136 daga irin waɗannan gidaje a birnin Bukares. Aka samar wa rabinsu iyalan da za su riƙe su. Da shekaru suka wuce aka tarar waɗanda suka shiga hannun iyali sun fi sauran kaifin hankali da iya shaƙuwa da mutane. Waɗanda kuma aka ɗauka kafin su cika shekara biyu su ne suka fi samun amfani.

Jariri bai san sunan kaɗaici ba, amma jikinsa ya sani. Uwar da ke goye da ɗanta tana daka, tana yi masa surutu, tana ba shi wani abinci wanda ba ya cikin nono. Ku kuma lura da wannan, gama shi ne tushen maganarmu: a farkon rai ba wanda ya ke cewa jariri ya tashi ya nemi zumunta. Kowa ya san ƙafar babba ce za ta je wurinsa.

Samari da 'Yan Mata

In aka tambaye mu wa ya fi kowa kaɗaici, galibinmu za mu ce tsofaffi. Bincike ya nuna wani abu dabam. A 2018 gidan rediyon BBC tare da malaman waɗansu jami'o'in Ingila suka yi tambaya, mutum wajen 55,000 suka amsa. A cikin masu shekara 16 zuwa 24, mutum 40 cikin 100 suka ce suna jin kaɗaici sau da yawa. A cikin waɗanda suka haura 75, mutum 27 ne kaɗai cikin 100. Gaskiya ne waɗanda suka amsa su suka kawo kansu, sabo da haka ba za a ce su ne hoton dukan jama'a ba. Amma a 2023 kamfanin Gallup ya ba da sakamakon tambayar da ya yi a ƙasashe 142, aka sake ganin abu mai kama da haka: 27 cikin 100 na masu shekara 19 zuwa 29, amma 17 cikin 100 na masu 65 zuwa sama.

Me ya jawo haka? Shekarun samartaka shekarun ƙaura ne. Yaro ya bar gida ya tafi makaranta, ya bar makaranta ya tafi neman aiki, kowace ƙaura tana tsinke igiyoyin da suka ɗaure shi. Har wa yau lokaci ne da mutum ya ke auna kansa da tsaransa. Wane ya sami aiki, wance ta yi aure, ni fa? Ga waya a hannu tana nuna masa hotunan bukin kowa, ba ta nuna masa daren da kowa ya kwana bai yi barci ba. Sai ya zaci shi kaɗai aka bari a tasha. Tun da ya ke kuwa saurayi ne mai ƙarfi, yana dariya a dandali, ba wanda ya ke tsammani yana da ciwo. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar saurayi ta iya ɓoye labari.

Tsakiyar Rai

Bincike mafi tsawo a kan wannan al'amari an fara shi a Jami'ar Harvard a 1938. Aka zaɓi ɗalibai 268, a cikinsu har da John Kennedy wanda ya zama shugaban Amurka daga baya. Aka haɗa su da yara maza 456 daga unguwannin matalauta na Boston, duka 724 ke nan. Aka yi ta bin su, kowace shekara biyu a aika musu da tambayoyi, lokaci lokaci a duba takardunsu na asibiti, a je gidajensu a zauna da su. Waɗansu suka yi arziki, waɗansu suka tsiyace, waɗansu giya ta cinye su. Masu binciken na fari suka tsufa suka mutu, waɗansu suka gaje su. Likita Robert Waldinger shi ne na huɗu da ya shugabanci aikin. Da fari maza ne zalla, fararen fata kuma, amma daga baya aka shigo da matansu da 'ya'yansu.

Da mutanen nan suka kai shekara 80, masu bincike suka koma baya suka buɗe takardun lokacin da su ke da shekara 50, suna neman abin da zai nuna wanda zai tsufa da lafiya da kwanciyar rai. Suka tarar gamsuwar mutum da zamansa da mutanensa a shekara 50 ta fi yawan kitsen da ke cikin jininsa nuna yadda tsufansa zai kasance. Suka kuma ga wani abu mai taɓa zuciya. Tsofaffin da ke zaman lafiya da abokan aurensu, ran da jiki ya tsananta ciwo, ransu bai cika ɓaci ba. Waɗanda zamansu ba daɗi, ran da jiki ya yi ciwo sai zuciya ma ta ƙara nata.

Wannan gargaɗi ne gare mu masu shekara arba'in da hamsin. Mu ne ba mu da lokaci. Ga kuɗin makarantar yara, ga gona, ga ofis, ga hidimar dangi. Mu kan ce in ɗawainiya ta ragu za mu nemi tsofaffin abokai. Amma abota kamar rumbu ce, da kaka a ke cika ta. Wanda bai zuba ba sa'ad da ya ke da ƙarfi, in bazara ta zo zai buɗe ya tarar da ƙura. Da yawa daga cikin mazan nan na Harvard, da aka tambaye su abin da su ke da-na-sani a kai, suka ce sun ba aiki lokacin da ya kamata su ba iyalinsu.

Tsufa

A 2016 Maike Luhmann da Louise Hawkley suka duba amsoshin mutum fiye da 16,000 a ƙasar Jamus. Suka ga kaɗaici ba ya hawa a miƙe tare da shekaru. Yana tashi a farkon girma, ya sauka, ya ɗan motsa, sa'an nan ya hau ƙwarai bayan shekara 80. Amma da suka tona, sai suka ga yawancin hawan nan yana tafe tare da abu uku: rashin abokin aure, ƙarancin abin hannu, da jikin da ya daina kai mutum inda ya ke so. Watau tsufa kansa ba shi ne mai laifi ba. Ƙafa ce ta gaza, aljihu ya huje, abokin hira ya riga mu gidan gaskiya.

Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa tsofaffi da kansu su kan rage yawan mutanen da su ke hulɗa da su, su riƙe kaɗan na kusa, galibi kuma su kan fi samari kwanciyar rai. Tsoho ba taro ya ke nema ba. Mutum biyu ko uku sun ishe shi. Hatsarin shi ne, mai riƙe da igiya biyu kaɗai, in ɗaya ta tsinke, saura ƙiris.

Tun a 1969 likita Colin Murray Parkes da abokan aikinsa a Ingila suka ba da labarin maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A cikin wata shida na fari, mutuwa a tsakaninsu ta fi ta tsaransu masu mata da kashi 40 cikin 100, yawanci kuwa ta ciwon zuciya. Wata shida, 'yan'uwa. Ku tuna yadda mu ke zaman makoki. Kwanakin fari gida cike, tabarmi har waje, tukwane ba su sauka daga murhu. Bayan mako biyu sai a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Daidai lokacin da gida ya yi tsit, lokacin ne makoki na gaskiya ya ke farawa.

Abin da Ya Ke Yi wa Jiki

A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta a Amurka suka tattara bincike 148 waɗanda suka shafi mutum fiye da 300,000, an bi su kimanin shekara bakwai da rabi. Suka tarar masu ƙaƙƙarfar zumunta sun fi marasa ita damar kaiwa ƙarshen binciken da rai da kashi 50 cikin 100. Hakika wani lokaci ciwo ne ya ke fara kwantar da mutum, sa'an nan kaɗaici ya biyo baya. Amma ko da aka yi lissafin lafiyar da mutane suka fara da ita, bambancin bai ɓace ba.

Sabo da irin wannan shaida gwamnatin Ingila ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, hidimar yaƙi da kaɗaici a Janairu 2018. Japan ta naɗa nata minista a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi yana kwatanta hatsarin rashin zumunta da na shan taba har kara 15 a rana.

Dalilin da Ba Ya Fitowa

Yanzu mun iso ga tambayarmu. John Cacioppo na Jami'ar Shikago, wanda ya rasu a 2018, ya ba da shekaru masu yawa ga nazarin kaɗaici. Ya kwatanta shi da yunwa da ƙishirwa. Yunwa tana gaya maka jiki yana bukatar abinci, kaɗaici yana gaya maka kana bukatar mutane. In haka ne, jin kaɗaici ba zunubi ba ne, ba kuwa rashin hankali ba, kamar yadda jin yunwa ba abin kunya ba ne.

Amma ya gano wani abu mai ban tausayi. Yunwa tana tura mutum wajen abinci. Kaɗaici kuwa, in ya daɗe, ya kan tura mutum nesa da maganinsa. Ku dubi akuyar da ta rabu da garke a daji: kunnuwanta a tsaye, kowane motsin ciyawa kura ne a gare ta. Haka zuciyar mai kaɗaici ta ke zama. Tana saurin ganin alamar ƙi, ko inda babu. Ka wuce shi ba ka gaishe shi ba domin hankalinka yana wani wuri, shi kuwa ya kwana yana cewa ka raina shi. Barcinsa ma ba ya nauyi, ya kan yi ta farkawa kaɗan kaɗan bai sani ba. Gobe in kun gamu sai ya ɗaure fuska don ya tsare kansa. Kai kuma ka ce, "Wannan mutum ba shi da fara'a," ka ja jiki. Shi ke nan, abin da ya ke tsoro ya tabbata, ya ƙara shigewa ɗaki. Ga kuma kunyar nan da muka ambata tana tsare bakin ƙofa.

To, ku duba maganarmu ta fari, "In yana so, ya fito mana." Daidai ta ke da a ce wa mai karyayyar ƙafa ya taka zuwa wurin maɗori. Ciwon da ke damunsa shi ne ya ɗaure ƙafar da mu ke jira ta tashi. Shari'a a fili ta ke: in mutum biyu suna nesa da juna, ɗaya ƙafarsa a ɗaure, ɗaya a sake, nauyin tafiya yana kan mai sakakkiyar ƙafa. Ba domin shi ya yi laifi ba, sai domin shi ne mai iko. Haka mu ke yi wa jariri ba tare da gardama ba. Saurayin da ya yi shiru, da gwauruwar da ta daina zuwa taro, su ma haka.

Waɗansu Za Su Ce

Wani zai ce, "Wannan ciwon Turawa ne. Mu nan muna zaune cikin dangi." Da ma haka ne. A watan Yuni na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, ta kuma danganta shi da mutuwar mutum fiye da 871,000 kowace shekara, watau kimanin 100 kowace awa. Amma ga abin da ya shafe mu: a ƙasashe matalauta mutum 24 ne cikin 100, a ƙasashe masu arziki kuwa 11. Mun fi su ninki biyu. In mun yi tunani ba abin mamaki ba ne. Talauci yana hana mutum kuɗin mota ya je gaisuwa, yana sa shi kunyar zuwa buki hannu wofi. 'Ya'ya sun tafi birni neman abinci, sun bar tsofaffi suna gadin kango. Waɗansu rikici ya kore su daga ƙauyukansu, suna zaune inda ba wanda ya san sunan kakansu. Gidan yawa ma ba ya hana, gama mun ga amaryar nan.

Wani zai ce, "Mai bangaskiya ba ya kaɗaici, Allah yana tare da shi." Allah yana tare da shi lalle. Amma ku tuna annabi Iliya sa'ad da ya gudu jeji, yana ganin shi kaɗai ya rage, har ya roƙi mutuwa. Ba a tsauta masa ba. Aka ba shi abinci da ruwa, aka bar shi ya yi barci, aka sanar da shi akwai waɗansu dubu bakwai, sa'an nan aka aike shi wurin Elisha wanda ya zama abokin tafiyarsa. Manzo Bulus yana kurkuku ya roƙi Timothawus ya yi hanzarin zuwa. Ubangijinmu kansa a Jathsaimani ya nemi almajirai uku su yi tsaro tare da shi. Wanda ya ce wa mai kaɗaici ya ƙara addu'a kawai, sa'an nan ya juya ya tafi, wataƙila shi ne amsar addu'ar da ta ƙi zama.

Wani kuma zai ce, "Ai muna da taro kowane mako, ƙofa a buɗe ta ke." Taro yana da kyau. Amma a 2011 Cacioppo da abokan aikinsa suka auna hanyoyi dabam dabam da aka gwada don rage kaɗaici, suka ga tara mutane wuri ɗaya kawai amfaninsa kaɗan ne. Abin da ya fi aiki shi ne taimakon mutum ya gyara zaton da ya ke yi cewa kowa yana ƙinsa. Wannan kuwa ba a yinsa daga kan bagade ko cikin hayaniyar buki. Sai mutum guda ya zauna da shi, ya dawo, ya sake dawowa, har zaton ya gaji ya faɗi.

Na ƙarshe zai ce, "Ni ba likita ba ne, me zan iya?" Ku ji abin da ya faru a Zimbabuwe. A 2006 likitan masu ciwon tunani, Dixon Chibanda, ya ga likitoci irinsa ba su kai ko'ina ba a ƙasarsa. Sai ya koya wa waɗansu tsofaffin mata 14 a birnin Harare yadda za su saurari mutum su taimake shi ya warware damuwarsa ɗaya bayan ɗaya. Aka kafa benci na katako a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka har sau shida. A harshensu na Shona suna kiran ciwon da sunan da ma'anarsa ita ce yawan tunani, kamar yadda mu ma mu ke faɗi. A 2016 aka ba da sakamakon gwaji a kan mutum 573. Bayan wata shida, a cikin waɗanda suka zauna a benci kimanin 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun baƙin ciki mai zurfi, a cikin sauran kuwa rabi. Baƙin ciki mai zurfi da kaɗaici ba abu ɗaya ba ne, ko da ya ke 'yan ɗaki ɗaya ne. Amma ku dubi kayan aikin: benci, kunne, da haƙuri. Wace ekklesiya ce ba ta da waɗannan? Ku kuma lura, tsofaffin da mu ke tsammani su ne abin tausayi, su ne suka zama magani.

Abin da Ya Rage Mana

Gare ka kai mai fama da wannan ciwo, ina da magana biyu. Ta fari, kada ka ji kunya, mutum ɗaya cikin shida yana tare da kai. Ta biyu, kada ka gaskata dukan abin da zuciyarka ta ke gaya maka game da mutane, gama kaɗaici mugun tafinta ne. Ba a ce ka yi doguwar tafiya ba. Amma in an yi sallama, ka amsa. Wannan rabonka ne, ba mai iya ɗauke maka shi.

Gare mu sauran kuwa, kada mu tsaya jiran a kira mu. Sau da yawa abin da ke hana mu shi ne tsoron kada mu dame shi. A 2022 Peggy Liu ta Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinta suka gwada wannan a kan mutum kusan 6,000, suka tarar mai aika gaisuwa ya kan raina yawan daɗin da mai karɓa ya ke ji, musamman in bai yi tsammaninta ba. Gaisuwarka ta fi nauyi a hannunsa bisa ga yadda ta ke a naka.

Sabo da haka kowa ya zauna daren yau ya tuna da mutum ɗaya. Wa ya ke zama a bencin baya ya fita kafin a gama gaisawa? Wace ce aka yi wa rasuwa wata uku da suka wuce? Wane yaro ne ya zo garinku karatu ba shi da kowa? Wane dattijo ne ba a ƙara ganinsa ba tun da gwiwa ta kama shi? Zumuntar mata da dattawa su rubuta ranar da aka yi rasuwa, su koma gidan bayan wata ɗaya, da wata uku, da wata shida. In ka je, kada ka tafi da dogon wa'azi. Ka zauna, ka sha ruwan da aka ba ka, ka tambaye shi shawara a kan wani abin da ya sani, gama mutum yana so a bukace shi fiye da a ji tausayinsa. In ya karɓe ka da sanyi, kada ka yi fushi, ka riga ka san dalili. Ka koma mako mai zuwa.

Ka tuna kuma matakan nan da muka bi, daga goyo har zuwa sanda, hanya ɗaya ce, dukanmu muna kanta. Yau ƙafarka a sake ta ke. Wata rana kai ne za ka zauna a ɗaki kana kasa kunne ko za ka ji sallama. Allah ya ba mu ƙafafun zuwa tun muna da iko. Amin.